Shirun Minti Goma Sha Biyu a Kelderby

Wata biyar ke nan da ɗaukata aikin magatakardan majalisar ƙauyen Kelderby lokacin da shugaban majalisar, Mista Gordon Ackroyd, ya shigo ofishina a farkon Oktoba ya rufe ƙofa. Aikin na gwaji ne na wata shida, bayansu majalisa za ta zauna ta tabbatar da ni ko ta sallame ni. Ina da difloma a harkar mulkin ƙananan hukumomi, amma kafin in samu wannan gurbi sai da na yi shekara biyu ina jera gwangwanayen wake a kanti, saboda haka rufe ƙofar nan bai yi mini daɗi ba.

"Dominic, kana wurin bara ranar Lahadin Tunawa?" ya tambaye ni.

"Ina wurin, yallaɓai."

"Ƙarfe nawa muka yi shiru?"

"Sha ɗaya da minti takwas."

"Da minti takwas," ya maimaita. "Duk ƙasar nan, daga Landan har tsibiran arewa, an yi shirun minti biyu don sojojin da suka mutu a yaƙi, an gama, an koma shan shayi, mu muna tsaye ana ba mu labarin wanda ya yi kiwon tattabaru a shekarar 1916. Da muka samu muka yi shirun, ba a gama ajiye furanni ba direban bas ya fara danna mana oda. Ni ne a gaba, da sarƙar shugabanci a wuya."

Na ce masa na tuna.

"To, ga magana ɗaya. Bana, idan agogon coci ya buga sha ɗaya, ina so ya buga a cikin shiru. Majalisa za ta zauna kan maganarka Talatar da ke biye. In ka iya wannan, aikin naka ne. In ba ka iya ba, ka san hanyar kanti."

Da ya fita na ɗauko takarda na fara lissafin lokaci. Dutsen tunawa da sojojinmu da suka mutu yana tsakiyar mararrabar ƙauye, kuma hukumar gunduma ba ta yarda a rufe hanyar kafin goma da minti arba'in. Ke nan minti ashirin gare mu kafin sha ɗaya, kuma a cikinsu sai an yi addu'a, an rera waƙar ibada, shugaba ya yi ɗan jawabi, an karanta sunayen mamata, sannan an busa bigilar sallama wadda daga ita shiru ke farawa. Na kalli hoton bidiyon bara sau uku da agogo a hannu. Babu wanda ya wuce kima sai mai karanta sunaye, Misis Enid Rawnsley, wadda ta cinye minti goma sha uku da daƙiƙa arba'in ita kaɗai.

Sunaye arba'in da ɗaya ne a jikin dutsen. Misis Rawnsley, mai shekara tamanin da uku, ba ta karanta suna haka kawai. Kowane ɗaya sai ta faɗi gidansu, da sana'arsa, da shekarunsa, wani lokaci har da abin da aka san shi da shi. Kakarta ce ta fara hakan, mahaifiyarta ta gada, ita ma ta gada. Magatakarda uku kafin ni sun ga matsalar, kuma babu ɗayansu da ya taka ƙofar gidanta.

Ni na taka, ranar wata Alhamis da hantsi. Ta zaunar da ni a kicin, ta zuba mini shayi, ta yanka mini kek ɗin citta, ta zauna tana kallona ina buɗe fayil.

"Kai ne jikan Maureen Pickersgill," ta ce. "Kunnuwanta gare ka. Me ka zo karɓa?"

Na yi mata bayani a tsanake, na nuna mata jadawalin da na zana, na ce idan aka ba kowane suna daƙiƙa takwas, za a gama cikin minti biyar da rabi.

"Daƙiƙa takwas," ta ce. "Albert Lumb ya yi wata goma sha ɗaya a cikin taɓon ramin yaƙi, kai kuma ka ware masa daƙiƙa takwas. A makarantar taku aka koya muku wannan, ko kai ka ƙirƙiro?"

"Misis Rawnsley, ba raini ba ne. Ƙasa duka tana yin shiru a lokaci ɗaya, kuma ma'anar abin ita ce a yi shi tare."

"Ƙasa ba ta san Albert ba, ɗana. Lumb uku ne a dutsen nan. In ban ce mai tattabaru ba, wa zai san wanne ake nufi?"

"Za a iya buga bayanan a takarda, a raba wa mutane."

"A mayar da su shimfiɗar kofin shayi."

Sai na faɗa mata gaskiya. Na ce mata aikina ne ke rataye a kan wannan shiru, kuma idan agogo ya buga tana magana, ni zan koma kanti. Ta turo mini farantin kek.

"Gordon ne ya aiko ka, ko? Tun yana ɗan makaranta ba ya iya zuwa da kansa. To, na ji. Sunaye kawai kake so, sunaye kawai za ka samu. Cinye wannan, ka rame."

Na fito ina ganin na yi nasara. Da na fi haka wayo, da na lura cewa ta yarda da wuri fiye da yadda ya kamata.

Sauran makonnin na yi su ina bin kowa. Na rubuta wa limamiyar cocinmu, Rabaran Hilary, wasiƙa uku ina roƙonta kada addu'a da waƙa su wuce minti goma sha ɗaya. Na tunatar da Mista Ackroyd, cikin ladabi, cewa jawabinsa minti biyu ne. Sannan na je shagon Trevor Hebden, mahaucin ƙauye, wanda shi ne mai busa bigila kuma ɗan majalisa ne. Bara ya ƙara mana jinkiri, domin bayan an gama sunaye ya tsaya yana jiran wani ya yi masa alama. Na same shi yana ɗaure tsiran alade.

"Mista Hebden, da zarar ta faɗi suna na ƙarshe, ka busa. Kada ka jira ni, kada ka jira shugaba, kada ka dubi kowa."

"Ko agogo?"

"Agogo nawa ne. Na lissafa komai."

"Kin ji masu difloma," ya ce wa matar da ke jiran nama. "To, busa ta biyu fa, ta tashi daga shiru?"

"Wannan ka jira ni. Idan na rufe fayil ɗina, ka busa. In ban rufe ba, kada ka motsa."

"Ko gari zai waye?"

"Ko gari zai waye."

Na ba shi umarnin a rubuce, ya soke takardar a ƙugiyar da yake rataye rasit. Ina ambaton wannan ne don a san cewa duk abin da Trevor ya yi ranar, ni na sa shi.

Ranar Lahadin ta zo da ruwan sama mai sanyi, irin wanda ba ya tsananta kuma ba ya ɗaukewa. Mutane wajen ɗari biyu suka taru a mararraba cikin baƙaƙen riguna, kowa da jan furen takarda a ƙirji. Tsofaffin sojoji sun jeru a gaba da lambobinsu, wakilan ƙungiyoyi suna riƙe da kambunan jan fure da za su ajiye. A gefen dutsen Mista Selwyn Dyson, tsohon sojan ruwa mai shekara saba'in da shida, yana tsaye da tutar ƙungiyar tsofaffin sojoji, da farar safar hannu. Ni ina kusa da shugaba, fayil a buɗe a hannun hagu, agogo a tafin dama.

Rabaran Hilary ta fara a kan lokaci. Sai dai wasiƙuna uku sun yi aiki fiye da nufina. Ta dubi sama, ta dubi tsofaffin da ke jiƙewa, ta gama addu'ar minti huɗu cikin biyu. Daga nan ta ce, saboda ruwa, za a rera baiti na farko da na ƙarshe kawai. Ta juyo ta yi mini ɗan murmushi, irin na wanda ya yi maka alheri.

Na duba agogo: goma da arba'in da shida. Muna gaba da minti biyar. Ban firgita sosai ba, domin na san Mista Ackroyd bai taɓa tsayawa a minti biyu ba a rayuwarsa, kuma ranar farko ke nan da na yi fatan kada ya tsaya. Ya zaro takardarsa, ya ga tawada ta narke, ya mayar da ita aljihu.

"Jama'a, kun san abin da ya tara mu," ya ce. "Ba zan tsayar da ku a ruwa ba. Misis Rawnsley."

Na ɗan matsa kusa da shi don in raɗa masa ya ƙara ko da jimla biyar, amma tsohuwar ta riga ta tako gaba. Ba ta ɗauko takarda ba. Ta kafa mini ido, ta fara jero sunaye kamar malamar da ke kiran rajista ranar da take son tashi da wuri. Lumb, Lumb, Lumb suka wuce a numfashi ɗaya. Na ɗaga hannu kaɗan ina mata alamar ta sassauta, ta ɗaga gira, ta ƙara sauri. Sunaye arba'in da ɗaya ta gama su cikin minti biyu.

Trevor bai jira ni ba, bai dubi kowa ba. Ya ɗora bigila a baki ya busa.

Maza suka cire huluna. Mista Dyson ya fara sunkuyar da tuta a hankali. A ƙa'idarsu, idan ƙasa a bushe take, mai tuta yakan kwantar da kan sandar a ƙasa har a gama shiru, amma idan ana ruwa ba a yarda ƙyallen ya taɓa taɓo ba, sai a riƙe sandar a miƙe a gaba, tana shawagi, nauyinta duka a hannu. Haka ya riƙe ta. Sautin bigila na ƙarshe ya ɓace, shiru ya sauka. Agogona ya ce goma da minti hamsin.

Na tsaya ina auna abin da ya rage mini. Idan na rufe fayil bayan minti biyu, Trevor zai busa, a fara ajiye furanni, kuma agogon coci zai buga sha ɗaya a kan hayaniyar mutane masu neman laimarsu. Kowa zai ji, kuma Mista Ackroyd ya faɗa mini abin da zai biyo baya. Idan kuwa ina so agogo ya buga a cikin shiru, sai mutum ɗari biyu sun tsaya minti goma sha biyu a ruwa. Hanya ta uku, wato in je in raɗa wa limamiya ta ƙara wata addu'a, a rufe take, domin bayan bigilar nan ba a magana. Ban taɓa ganin wanda ya yi ba, ban kuma taɓa jin labarin wanda ya yi ba.

Na bar fayil a buɗe.

Minti biyu na farko suka wuce yadda aka saba. A na uku aka fara ɗan gyara tsayuwa. Trevor ya ɗaga bigila rabin hanya, ya dube ni, ya dubi fayil, ya sauke ta. A na huɗu na ji Mista Ackroyd ya ja numfashi ta hanci da ƙarfi, wanda a wurinsa daidai yake da tsawa. Bai juyo ba. Juyowa na nufin ya yarda a gaban jama'a cewa wani abu ya lalace.

Abin da ya fi ba ni haushi, har yanzu da nake rubuta wannan, shi ne babu mutum ɗaya cikin ɗari biyun nan da ya taimake ni. Kusan kowa yana da agogo a hannu, amma duba agogo a lokacin shiru abin kunya ne, saboda haka ba wanda ya duba. Kowa ya san minti biyu sun wuce, kowa kuma yana tsoron kada a ce shi ne ya fara gajiya da girmama matattu. Da wani ya yi tari mai ƙarfi, ko ya ce, "Me muke jira?" da na samu hujjar rufe fayil, laifin ya rabu. Suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu, ruwa yana gangara musu ta ƙeya. Motoci suka fara taruwa a bayan shingen hanya, direbobin ma suka kashe injin suka yi tsit.

A minti na shida idona ya kai kan Mista Dyson. Ƙyallen tutar ya sha ruwa ya yi nauyi, kan sandar yana rawa. Fuskarsa ta yi ja, jijiyar wuyansa ta fito. Duk lokacin da bakin ƙyallen ya kusa taɓa kwalta, sai ya cije ya ɗago shi. Na sa yatsa a bayan murfin fayil. Na ce a raina, wannan dattijo bai yi mini komai ba, kuma babu aikin da ya kai hannun mutum. Na kuma tuna fitilun kanti da ƙarar keken tura kaya da asuba. Ba zan ɓoye ba, na cire yatsan.

Na kawar da kai don kada in ci gaba da ganinsa, sai na ga Misis Rawnsley. Idonta a rufe, leɓunanta suna motsi a hankali ba tare da sauti ba, tana ɗan tsayawa, tana ci gaba. Ita kaɗai ce a duk mararrabar ba ta da alamar gajiya.

Minti na takwas, wani kare ya kwanta a cikin ruwa ya yi hamma. Na tara, wata mata ta jingina da mijinta. Trevor ya daina dubana, ya kafa ido a saman rufin gidan waya kamar wanda ya sallama wa ƙaddara. Hannuna na dama ya mutu da sanyi, gilashin agogo ya yi hazo, ina goge shi da babban yatsa a ɓoye.

Da agogon coci ya fara bugawa, na ji numfashin mutum ɗari biyu ya fita lokaci ɗaya. Wasu suka ɗago kai suna zaton an gama. Amma bugun sha ɗaya farkon shiru ne, ba ƙarshensa ba, kuma tun da na kawo su nan, ban ga dalilin da zan rage wa ƙasa minti biyunta ba. Na ƙirga su cif. Sannan na rufe fayil.

Trevor ya busa, leɓunansa sun sandare, sautin ya fito a karkace. Mista Dyson ya yi yunƙuri sau biyu kafin tutar ta miƙe. Ba ta taɓa ƙasa ba.

Bayan an ajiye furanni aka shiga zauren taro shan shayi. Na shirya wa zagi, amma ban samu ba, kuma rashinsa ya fi zagin ciwo. Rabaran Hilary ta riƙe hannuna ta ce, "An samu lokacin yin tunani sosai bana." Wani tsohon soja ya ce shirun ya yi kyau, ya cika. Wata mata ta ce ita ba ta ma lura ba, alhali leɓenta ya yi shuɗi. Na iske Mista Dyson a kujera, matarsa tana riƙe masa kofi a baki, domin hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa.

"Mista Dyson, ina neman afuwa. Laifina ne."

"Wane laifi, samari?" ya ce. "Tuta ce, riƙe ta ake yi. Hannun zai dawo kafin Kirsimeti."

"Da ka kwantar da ita, babu wanda zai ga laifinka."

Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe a kasuwa. Matarsa ta ce, "Je ka sha shayinka, Dominic, kafin ya tuna yana da hannun hagu."

Misis Rawnsley ta tare ni a bakin tebur. "Saura biyar," ta ce.

"Biyar me?"

"Na bi su ɗaya bayan ɗaya a zuci, da gidajensu da komai. Na kai kan Harold Whitaker ka rufe abin naka. Tun da ka tsayar da mu, ai da ka bari na ƙarasa."

Mista Ackroyd kuwa ya cire sarƙarsa, ya sa a akwati, ya tafi gida.

Da yammacin Talata majalisa ta zauna, mutum bakwai. A ƙa'ida ya kamata in fita idan za a tattauna maganar aikina, amma babu wanda ya yarda ya karɓi rubutun bayanin taro, saboda haka aka ce in zauna in rubuta, in yi kamar ba na ji. Abu na huɗu a jerin shi ne rahoton Lahadin Tunawa, na biyar kuma makomata.

"Abin da ya faru ranar Lahadi," Mista Ackroyd ya fara, "bai kamata ya faru ba. Gwiwoyina har yau ba su yafe ba. Selwyn Dyson yana yawo da hannu a rataye. Magatakardan da zai tsayar da gari guda a ruwa kusan kwata ɗin awa, ban ga yadda za a damƙa masa maƙabarta da fitilun titi ba."

"Kai ka yanke jawabinka, Gordon," in ji Trevor.

"Kai kuma ka busa kafin lokaci."

"Da takarda na busa. Tana nan rataye a shago, in kana son gani."

"Me ya hana ka busa ta biyu da ka ga abin ya wuce hankali?"

"Me ya hana ka buɗe baki? Kai ne da sarƙa."

Aka yi ta haka kusan minti ashirin, ina rubuta, "An tattauna." Daga ƙarshe Misis Marjorie Sugden, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda ta koyar da rabin masu zaman, ta buga biro a tebur ta ce a rufe abu na huɗu. Na ɗaga hannu na nemi izinin karanta abin da na rubuta, don a amince da shi.

"An fara shiru da ƙarfe goma da minti hamsin, aka ci gaba da shi har ƙarfe sha ɗaya da minti biyu, jimillar minti goma sha biyu, ba tare da wani daga cikin mahalarta ya yi magana ba."



"Ba za a liƙa wannan a allon sanarwa ba," Mista Ackroyd ya ce. "Maƙwabtanmu mutanen Garsholt suna karanta allonmu duk ranar kasuwa. So kake su yi shekara hamsin suna cewa a Kelderby mutum ɗari biyu sun kasa gane minti biyu?"

"Yallaɓai, abin da ya faru ke nan."

"Ban ce ka yi ƙarya ba. Da ƙarfe sha ɗaya an yi shiru ko ba a yi ba?"

"An yi."

"Daga sha ɗaya zuwa busa, minti nawa?"

"Biyu. Amma akwai goma kafin su."

"Goman nan ba a cikin jadawali suke ba. Abin da ba ya cikin jadawali ba ya shiga bayanin taro. Rubuta: an yi shirun minti biyu da ƙarfe sha ɗaya daidai."

Na ce an koya mana cewa bayanin taro shaida ne, kuma barin abu da gangan bai da nisa da sauya shi. Na nemi a rubuta cewa magatakarda bai gamsu ba. Aka ce magatakarda ba shi da ƙuri'a. Hannu bakwai suka tashi, na goge jimlata, na rubuta tasu.

"Abu na biyar," in ji Mista Ackroyd. "Shawarata ita ce a gode wa Dominic, a sake tallata gurbin."

"A kan wane dalili?" Misis Sugden ta tambaya.

"Marjorie, yanzu muka gama maganar."

"Yanzu muka amince, mu bakwai, cewa an yi shirun minti biyu da ƙarfe sha ɗaya daidai. Shi ne sharaɗin da ka gindaya masa, kai ka faɗa mana da bakinka. In za a sallame shi, sai a rubuta dalili a abu na biyar, kuma dalilin shi ne goman da ka ce babu su. Zaɓi ɗaya, Gordon. Ko yaron ya tafi, mutanen Garsholt su karanta dalilin, ko ya zauna."

Mista Ackroyd ya dubi Trevor, Trevor yana duban silin yana murmushi. Aka kaɗa ƙuri'a: biyar sun yarda a tabbatar da ni, ɗaya ya ƙi, shugaba ya ce shi ba zai ɗaga hannu ba saboda kafaɗarsa. Na rubuta wannan ma, ban da maganar kafaɗa.

Ya kamata in yi murna, kuma na ɗan yi, a hanyar gida. Amma na samu aikin ne da jimlar da na roƙa kada a rubuta, kuma ni na buga ta da hannuna, na sa mata lamba, na kai wa shugaba ya sa hannu.

Da safiyar Juma'a na fita liƙa bayanin a allon da ke gaban gidan waya. Ina danna ƙusa ta ƙarshe Mista Dyson ya iso, hannunsa na dama a rataye da ƙyalle a wuya. Ya sa tabarau da hannun hagu, ya bi layukan a hankali har ya kai abu na huɗu. Na tsaya a gefe da kwalin ƙusoshi, ina jiran abin da zai ce.

"Minti biyu," ya karanta. Ya dubi hannunsa, ya dube ni. "To, tsufa ne ke nan ya kama ni. Barka da samun aiki, samari."

Ya cire tabarau, ya shiga gidan waya sayen kan sarki.